Mama Damaris Na Neman Mai Jan Baya

Shekarunta hamsin da 'yan kai, atamfar zumuntar mata ce a jikinta, dillalan motoci na Gonin Gora kuma suna kiranta Mama Damaris. Ba ta ko kallon motocin da ke ƙyalli. Tana durƙushe, tana leƙa ƙarƙashin wata tsohuwar Marsandi.

"Mama, wannan fa ba ta zuwa coci ba ce," in ji dillali Isiyaku.

"Wa ya ce maka coci? Wasan mota zan shiga. In ba mai jan baya ba ce, ba za ta zame a kwana ba, yaran nan su yi mini dariya."

Wataƙila ta daɗe tana kallo daga bakin fili. Ta shiga, ta gwada birkin hannu, ta ce, "Kawo makulli."