Tafin hannun Yaya Sanusi

Shekara huɗu ke nan da Yaya Sanusi ya faɗa ramin asansir, na'urar hawa bene, a wani gini da ake kan yi a unguwar Hajara, nan ƙasar Larabawa da muke zaune. Lokacin ina ɗan shekara goma sha ɗaya.

Yayana matsoracin sama ne na gaske. Ko kujera zai taka sai ya yi alwala. In muka je garin Samnu, ni yake turawa kan dabino, shi yana ƙasa yana ba da umarni kamar janar. Wannan matsoracin ne mudir, wato shugaban aikin ginin, ya ce wai da gangan ya yi tsalle.

Kafin 'yan sanda su iso an share wurin tas, an kafa katakai a bakin ramin kamar can ma suna nan. Abokan aikinsa kuma suka ɗauke shi zuwa inuwa, suka miƙe masa ƙafafu. Don Allah suka yi, amma mudir suka taimaka wa. Gawa na asibiti mudir ya zo gaisuwa, ya share rabin tiren shinkafa yana girgiza kai: "Miskin, dama kwana biyu ba ya cikin hayyacinsa."

Magana ta zagaya unguwa. Inna ta daina fita. Mutuwar ta iya ɗauka, amma ban da a ce ɗanta ya kashe kansa.

Da likitan binciken gawa ya kira Baba, ta bi shi. Likitan ya ce fatar tafin hannun Yaya duka biyu ta saɓule, ga baƙin man igiyar ƙarfe a ƙarƙashin farcensa. Inna ba ta jin Larabci, sai ya haɗo 'yar Hausarsa ta kasuwa:

"Hajiya, yaro ya kama. Ya kama sosai. Mai son mutuwa ba ya kama."

Yau an gama ginin. Asansir ɗin har da madubi, samari na ɗaukar hoto a ciki suna murguɗa baki. Da Yaya zai gani, matakala zai bi yana dafa bango yana zaginsu. Mudir ko marin sauro bai sha ba, ya fara wani benen, leburori na hawa da silifa.

Ba mu samu hukunci ba. Abin da ya rage mana shi ne Inna ta koma fita, kuma duk wanda ya tambaye ta yadda ɗanta ya rasu, ido take haɗawa da shi ta ce: "Faɗuwa ya yi, yana riƙe."