Badamasi Wanzami da Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu, nan bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, askar Baba Badamasi ce ta fara hawa kansa. Ni ma ita ce. Shi ya yi min askin suna, shi ya cire min belu, kuma tun ina tatata yake ce min amaryarsa, saboda abotarsa da kakana. Har na yi aure na haihu bai daina ba. In ya gan ni da goyo sai ya riƙe haɓa ya ce, "Amaryata, wa ya ba ki wannan ban sani ba?" Ni kuwa ba na raga masa. Ce masa nake tsoho mai ƙafa kamar muciya ba shi da amarya a garin nan, ya nemi wata a Garun Malam.

Ɗan siririn mutum ne, baƙi, da zabira a kafaɗa da wani tsohon keke wanda ƙararsa ke riga shi isowa. Wanzanci gadonsa ne, amma bai saki noman rani ba. Yana da 'yar gonar albasa a ƙasan kanal, kuma ranar da aka sako ruwan madatsar Tiga, ko mai gari ne ya zo aski sai ya jira a gama ban ruwa. Surutu kuwa, kai! Kafin ya gama maka aski ka ji labarin kakanka da na jakin kakanka. Amma duk surutun nan, ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gani a jikin wani ba, alhali babu gidan da bai shiga ba.

Maigidana, baban Mansura, sunansa ba zai fito daga bakina ba, in kun ji Baba ya faɗa, shi ke nan. Manomin shinkafa ne, yana kuma turkar shanu. Wajen shekarar 2007, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, ya sayo wani farin sa a kasuwar Wudil don ya ƙara masa ƙiba da tattakar shinkafa da dusa. San ya zo da kaska jingim, manya masu zane a ƙafafu, ƙarƙashin wutsiya da hammata duk sun cika. Kullum da safe sai ya tsuguna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsigewa da hannu. Wadda ta sha jini ta yi tim sai ya sa ta tsakanin faratansa ya fasa, ya goge a wando. Haka ubansa ya yi, haka Fulanin da ke sauka a gonakinmu bayan yankan shinkafa suke yi. Mu dai abin da muka sani, kaska tana ramar da sa, ba mu san ta da wani laifi bayan wannan ba.

Ana nan, sai wani zazzaɓi ya zo masa a tsaye, yana gona. Ya dawo yana riƙe da kai, idanu jawur, ya ce bayansa kamar an daka a turmi. Aka karɓo maganin zazzaɓin sauro a kemis, ya sha, a banza. Da abin ya ƙi, surukata Iya Kulu ta ce mataccen jini ne ya taru masa a baya, a kira Badamasi ya yi masa ƙaho. Babu wanda ya musa, don mu a nan ciwon baya da nauyin jiki maganinsu ke nan.

Da hantsi Baba ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, maigidana ya zauna ya tuɓe riga. Wanda bai taɓa ganin ƙaho ba, ga yadda ake yi: wanzami zai kifa ƙahon a fata, ya sa baki a tsininsa ya zuƙe iska har fatar ta taso, ya cire, ya yi 'yan tsaga da aska, ya mayar ya sake zuƙa. In an jima ya ɓalle ƙahon, sai ka ga jinin ya daskare gudaji-gudaji kamar hanta, a zubar a rami. Baba yana yi yana zuba labari, ni kuma ina bakin murhu da Mansura a baya.

Sai na ji labarin ya tsaya.

Na waiga. Ya ɓalle ƙaho na farko, jinin ya zubo tsararo kamar ruwan zoɓo, babu gudaji ko ɗaya. Inda bakin ƙahon ya zauna ya yi baƙi ƙirin. Ya barbaɗa garin bagaruwa, jinin ya ratso ta cikinsa. Ya danna da tafin hannu, ya fito ta tsakanin yatsunsa. Kafin mu ankara hanci ma ya ɓalle. Na yi salati, na warto zani daga igiya na yi kansa a guje.

"Talatu! Koma!"

Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na tsaya cak. Iya Kulu ta taso, ya daka mata irin tsawar. Ƙannen maigidana suka shigo, ya ce duk wanda ya tako tabarmar nan bai yafe masa ba.

"Ni na riga na shiga," in ji shi. "Bakina ya taɓa, hannuna ya taɓa. Tun ina saurayi nake ƙaho, ban taɓa ganin jinin da ya ƙi barci ba. Ban san mene ne wannan ba. Abin da ba mu sani ba, mutum ɗaya ya ishe shi."

Ya yage rigarsa ya ɗaure masa baya. Ya sa aka kira mai akori-kurar da ke kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan. Kafin motar ta iso, shi da kansa ya kankare ƙasar da jinin ya zuba, ya haɗa da tabarmar da ƙahonin da askar da ya gada, ya cinna musu wuta a bayan gida. Sannan tsohon nan da iska ke iya kayarwa ya goya ƙaton mutum kamar maigidana har cikin mota, ya zauna a baya ya rungume shi. Ina tsaye ina kuka ina ce masa, "Baba, mijina ne fa!" Ko kallona bai yi ba, ya ce wa direba su tafi.

Washegari na bi su wani babban asibiti a cikin Kano, da kwanon kunu da 'yata a baya. Na tarar an ware su a wani ɗaki can ƙarshen gini, an ce ba a shiga. Ta taga na tsaya. A nan likitan ya same mu, wani matashi mai haƙuri, ya yi mana bayani da Hausa sosai. Ya tambayi sana'ar maigidana, da na faɗi zancen san Wudil da kaska sai ya gyaɗa kai. Ya ce akwai wani zazzaɓi da kaska ke ɗauke da shi. Dabbar da ke da shi ba ta nuna komai, tana cin abincinta lafiya, amma in kaskar ta ciji mutum, ko ya fasa ta a hannu, ko jinin dabbar ya shiga wani rauni a jikinsa, to yana iya kamuwa. Daga nan kuma jinin majinyacin kan ba wa mai jinya cutar. Ya ce zato suke, don ba su da abin tabbatarwa a nan, sai an aika jinin wani wuri mai nisa. An aika ɗin, amma har yau ban ji amsa ba.

Game da Baba kuwa, likitan ya ce tunda ya zuƙi ƙahon da baki, dole shi ma ya zauna a sa masa ido. Suka ce za su ba shi wani ɗaki dabam. Ya ce a'a, in dai zaman dole ne, gara ya yi shi inda zai yi amfani. Suka yi da shi har suka gaji, suka ba shi safar hannu da ƙyallen rufe baki. Masu jinyar asibitin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, su ke sa ruwa, su ke ƙarin jinin da ƙannen maigidana suka bayar, amma ba za su iya zama a kansa wuni guda ba. Juyi, da fo, da goge amai, da ba da kunu cokali-cokali, duk Baba ne.

Wallahi na ji haushinsa a kwanakin nan, ba kaɗan ba. Ina ganin mijina ta tsakanin ƙarafan taga, jikinsa duk tabo baƙi-baƙi, dasashinsa yana jini, bai ma san inda yake ba, ni kuma an mai da ni 'yar kawo kunu. Na roƙi Baba, na yi masa fushi, har cewa na yi zan haura ta tagar. Ya ce in haura, amma in fara kwance yarinyar nan in gaya masa wa zai ba ta nono. Na zauna a dakali na yi ta kuka. Daga ciki kuma ina jin muryarsa yana zuba wa wanda ba ya ji labari: "Lukmanu, ka tuna ranar kaciyarka da ka cije ni a cinya? To ban yafe ba. Ba inda za ka sai ka tashi mun yi shari'a."

Ikon Allah, sai ga jinin ya fara ja da baya. Wata safiya na iso, Baba ya leƙo yana dariya ya ce, "Mutumin naki ya ce kunu ya ishe shi, wai fura yake so. Ji rashin godiya!" Na durƙusa a wurin ina hamdala. Da na ɗago na dube shi sosai, sai na ga ya riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu, idanunsa sun kaɗa jawur.

Na ce, "Baba, idonka."

Ya ce, "Hayaƙin motocin birni ne. Je ki nemo furar."

Da na dawo washegari, maigidana ne a bakin tagar, yana dafe da bango. Baba yana kan gado na biyu.

Allah Sarki! Mutumin da jiya ake juya shi, shi ne yau yake jan ƙafa yana juya wani. Ibrahimu, babban ɗan Baba, ya zo da kuka ya ce ubansa ne, dole ya shiga. Baba ya ɗaga kai da ƙyar ya ce masa, "Mu biyu mun isa. Koma ka yi wa albasa ban ruwa." An yi masa duk abin da aka yi wa maigidana, ruwa da jini da magani, amma jikin tsoho ba ɗaya yake da na mai ƙarfi ba. Bai yi raki ba, bai ce da na sani ba. Maigidana ya ce ya roƙe shi gafara, shi kuma ya ce masa, "Gafarar me? Kai ka kira ni aiki, ni kuma na zo." Da la'asar ɗin wata Alhamis ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Ya riga ya bar wasiyya cewa kada kowa ya yi masa wanka sai maigidana, haka kuwa aka yi, da safar hannu, ma'aikatan asibiti suna tsaye suna nuna masa yadda zai kiyaye.

Mota ɗaya ta dawo da su, ɗaya a zaune, ɗaya a kwance. Garin nan kaf ya fito, har Fulanin ruga da mutanen Bunkure. Ina leƙe ta zaure na ga kawunan maza sahu-sahu a filin sallar gawa, na rasa kai ɗaya da hannun mutumin nan bai taɓa dafawa ba. A gidanmu kuwa, da ni, da Mansura, da Iya Kulu, da ƙannen maigidana, duk mu da muka yi kan jinin nan a guje, babu wanda ko ciwon kai ya yi.

Sai bayan an dawo daga maƙabarta maigidana ya shigo gida. Ya rame kamar ba shi ba. Ya zauna a bakin ɗaki. Na ɗebo ruwa a kofi na durƙusa na miƙa masa, ya karɓa, ni kuma na ƙi sakin hannunsa. Babu zafi a jikinsa ko kaɗan. Na riƙe shi da hannu biyu na daɗe a haka, babu wanda ya ce min in koma.