'Yar Ƙanwata Ta Koyi Tafiya a Gidana

Ƙanwata ta rasu a Gwaram da damina, bayan gajeren zazzaɓi. Ta bar yarinya mai rarrafe, ko yaye ta ba a yi ba. Bayan addu'ar uku, Inna, mahaifiyarmu, ta ɗora min ita a cinya ta ce, "Ke ce uwarta yanzu." Na goya ta muka hau bas zuwa Birnin Kudu.

Ba ta yi kuka ba, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Rarrafen ma ta daina. Inda na ajiye ta, nan zan same ta, ta zuba wa ƙofar zaure ido. Idan mace ta yi sallama sai ta miƙa wuya, ta duba, ta mayar da yatsa baki.

Malam, mijina, shi ya fara shawo kanta. Idan ya dawo daga gona yakan zauna ɗan nesa da ita yana ɓarar gyaɗa. Wata rana ta ja ciki ta kama bakin rigarsa. Ya ce min a hankali, "Ƙyale ta, kada ki yi magana."

Da kaka ta fara dafa turmi tana miƙewa. Ranar da ta saki hannu ta tako wurina, na ga tana jefa ƙafar hagu gefe, sak yadda uwarta take tafiya tun muna yara. Na tare ta na rungume.

Da bakinta ya buɗe, Malam ya zama Baba. Ni kuwa ba ta kirana da komai, zanena kawai take ja. Wani lokaci da hantsi takan tsaya ta yi wa gindin darbejiya dariya, ta miƙa abin da ke hannunta, alhali babu kowa a wurin. Nakan yi bismilla in ci gaba da aikina.

Da muka kai ta Gwaram ganin Inna, tana sauka daga bayana ta nufi ɗakin uwarta, ba wanda ya nuna mata. An riga an jibge buhunan gero a ciki. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta juyo da gudunta na 'yan koyo, ta cusa kai a jikina ta ce, "Umma, gida."

Inna ta ɗauki tsintsiya ta kama sharar inda ta gama sharewa.