Dokin da Tambaya Ya Ƙi Taɓawa

Malam Tambaya na Kwatarkwashi ba ya karɓar shawara, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In matarsa Ummulkhairi ta ce ya ɗauki laima, ranar a jiƙe zai dawo. In direba ya ce ya zauna gaba, baya zai shige. Malamin gona ne a Bungudu, aikinsa gaya wa manoma lokacin zuba taki, amma shi ko lokacin aski babu mai gaya masa.

A gindin dara halin ya kama shi. Tun yana yaro kawunsa Ahmadu yake zaunar da shi a inuwar dutse, inda dattawa suke tona gurabe a ƙasa suna kafa tsinke da tsakuwa. A wurin nan ɗan kallo ba ya shiru. Yana tari, yana zunɗe, yana faɗin inda za a kafa. Sai dai duk wanda ya bi bakin ɗan kallo ya ci, ba a ce shi ya ci ba. Sunan mai faɗar ake kira, shi kuma a yi ta ce masa ɗan aike har a tashi. An taɓa kiran Tambaya ɗan aike sau ɗaya, bai bari an sake ba.

A sakandare a Gusau wani mai bautar ƙasa ya koya masa ces, darar Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki da ƙananan sojoji. Ya kawo ta gida ya koya wa dattawa, Kawu Ahmadu ya iya, bakinsa ya ƙara tsawo. Shekaru suka wuce yana bugawa a inuwa da kuma a waya, har furfura ta fito masa a gemu.

Sai wani kamfanin matse man anguriya na Gusau ya sayi gurbi a gasar ƙwararru, inda kowace ƙungiya mallakar kamfani ce. Ya sa wa tasa suna Mikiya, ya ɗauko 'yan wasa daga Legas da Abuja. Ana son ɗan gida ɗaya a cikinsu, aka ɗauki Tambaya, aka ba shi riga mai tambarin jarkar mai a ƙirji. Kociya ya riƙa tsara masa yadda zai buɗe wasa daga kwamfuta. Tambaya ya saurara da ladabi, ya zauna ya buga abin da ya ga dama. Wani wasan ya ci, wani a cinye shi.

Ana gobe wasan ƙarshe, manajar ƙungiyar, Hajiya Muzdalifa, ta kira shi.

"Malam, kamfani ba zawiyya ba ce. Ka ƙi bin kociya, to ka ci mana gobe. In ba ka ci ba, kujerarka ta wani ce baɗi."

"To, Hajiya."

"To ɗin nan taka na san ta."

A zauren wani otal a Gusau aka yi wasan. Mutanen Kwatarkwashi suka cika mota, wasu abokansa suka zo daga Tsafe. An kafa babban allo da yake nuna wa jama'a kowane motsi, an kuma yi gargaɗi cewa ba a magana. Abokin karawarsa wani saurayi ne daga Legas, mai natsuwa, wanda ya fi shi matsayi nesa ba kusa ba.

Wasa ya yi nisa, saurayin ya yi kuskure. Tambaya ya gani tun kafin yaron ya ɗauke hannu: in doki ya yi tsalle ɗaya, zai tsare sarki da sarauniya lokaci guda, wasa ya ƙare. Ya gyara zama. Ya ɗaga hannu ke nan, sai muryar Kawu Ahmadu ta tsaga zauren.

"Doki, kai wanga yaro! Mi kaka jira? Makaho ma ya gani!"

Alƙalin wasa ya tsayar da agogon da ke ƙirga lokacin 'yan wasa, aka fitar da tsohon yana faɗa yana cewa shi ya yi renon yaron. Alƙalin ya duba allo, ya ce motsin a fili yake, laifin ba na ɗan wasa ba ne, a ci gaba. Doka ta ba Tambaya dama ya buga dokinsa.

Ya dubi dokin. Ya mayar da hannunsa cikin aljihu.

Da ya fito da shi, wani ƙaramin soja ya tura a gefen allo. Kociya ya dafe kai. Hajiya Muzdalifa ta cire tabarau ta mayar. Saurayin ya janye sarauniyarsa da sauri, kamar wanda ya tsallake rijiya.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau ba su gama faɗinsa ba. Dokin nan yana tsaye a gidansa, Tambaya bai sake kallonsa ba, kamar ba nasa ba ne. Da sauran 'ya'yan ya yi ta yaƙi, ya ba da wannan, ya karɓi wancan, gumi ya jiƙe tambarin jarkar mai. Sauran alluna duk suka tashi, 'yan wasan suka zo suka tsaya a bayansa, hannu a ƙirji. Mutanen dara, waɗanda ba a taɓa jin sun yi shiru ba ko a zaman makoki, suka yi tsit. Ƙaramin sojan nan ya yi ta rarrafe gida bayan gida, ana tare shi yana samun hanya, har ya isa ƙarshen allo ya zama sarauniya, kamar yadda dokar ces ta ce. Saurayin ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu, alamar ya sallama.

Ba jarumta ba ce, taurin kai ne, kuma da an cinye shi da ya cancanta. Amma mutum ya ajiye makaminsa mafi kaifi a gaban wanda ya fi shi, ya kuma ci, wannan ba kullum ake gani ba.

A waje Kawu Ahmadu yana zaune kan dakali.

"Ai da ka bi tawa da tuni muna gida."

"Da kai ka ci, Kawu."

Hajiya Muzdalifa ta iso ta ce kujerarsa tana nan, amma baɗi ba za a bar tsohon ya shiga ba. Tambaya ya ce a'a, a bar shi. Ya juya ga mutanen garinsu da suke hawa mota.

"Don Allah, duk mai zuwa kallona baɗi ya jefa goro guda a baki kafin ya shiga, kada ya tauna. Kawu kuma a ba shi biyu."