Bushiyar Kaka da Man Birki

A Hayin Banki aka haife ni, a gida mai ɗaki huɗu da bishiyar gwaiba. Babanmu bakanike ne, garejinsa na bakin titin Kawo, kuma kullum warin baƙin mai ke riga shi shigowa gida. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, Bazazzagiya ce mai son raha. Da zarar an sauke tuwo an yi sallar magariba, sai ta ja kujerarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu yara mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai gyaɗar ta fara ƙamshi.

Akwai wani yammaci da ba na mantawa, ina aji uku a firamare. Baba ya dawo ba fara'a. Maƙwabcinmu Malam Yohanna, malamin makaranta, ya ba shi motarsa ya duba birki, domin washegari zai kai iyalinsa Kafanchan bikin Kirsimeti. Baba ya kwance bututun man birki na ƙafar gaba, sai aka kira shi ya duba wata mota da ta mace a titi. Ya tafi ya bar bakin bututun a buɗe. Man ya yi ta ɗiga har ya ƙare, iska ta maye gurbinsa. Da ya dawo ya ɗaure komai cikin sauri, ya tayar da motar don gwaji, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Motar ta gangara a hankali ta tunkuyi duron ruwan mai shayi. Ba wanda ya ji ciwo, amma duk bakin titin an yi dariya.

Ya ba Kaka labarin a gajarce, ya zauna can gefe yana cin tuwo. Kaka ta juya gyaɗar da ke cikin toka. Ta juyo gare mu.

"Ga wata nan tafe, ta sha hanya."

Muka ce, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Ta ce wai a wani daji Bushiya ce mai ɗinkin salka, jakar fatar da matafiya ke ɗaukar ruwa a ciki, tunda allura a jikinta take. Zaki zai yi doguwar tafiya, ya kawo salkarsa cike da ruwa a gyara mata baki. Bushiya ta kwance bakin, sai ta ga ba ta tanadi igiya ba. Ta jingine salkar ta tafi nema. A hanya ta haɗu da Kurege, hira ta yi daɗi.

"Ruwa kuwa," in ji Kaka, tana ɗiga yatsa a tafin hannuna, "ɗis, ɗis, ɗis. Ba ya ihu, ba ya sallama. Tururuwa har wanka suka yi."

Da Bushiya ta dawo, iska ta riga ta shige cikin salkar ta kumbura ta tim. Ta ɗaure baki, ta miƙa wa Zaki. Sai da ya kai tsakiyar rairayi, ƙishirwa ta kama shi, ya buɗe ya kafa baki. Nan Kaka ta cika kumatunta ta saki: "Fuuu!" Muka kwashe da dariya har gyaɗa na faɗo mana daga baki. Ta ce tun daga ranar, in Bushiya ta ji tafiya sai ta dunƙule, tana zaton Zaki ne ya dawo.

"Wanda zai kwance, ya fara riƙe maɗauri a hannu. Nan ta sauka, ta sha ruwa."

Daga gefe muka ji Baba ya yi gyaran murya. "Inna, wannan Bushiyar, tana da gareji a Kawo?"

"Oho. Ni a daji na san ta."

Shi ma sai ya yi dariya.

Da sassafe ya zuba sabon mai, ya fitar da iskar ƙafa bayan ƙafa, Malam Yohanna da kansa na taka masa birkin. Suka tafi lafiya, suka dawo mana da doya. Daga nan Baba bai ƙara kwance bututu ba sai da ɗan yankin roba da waya a aljihunsa. Yana cirewa yake toshe bakin, ya ajiye gwangwani a ƙasa, kafin ya amsa ko sallama.

Na girma na zama ma'aikaciyar jinya, kuma ban taɓa cire robar ƙarin ruwa ban fara matse ta ba. Na daɗe ina zaton darasin ke nan. Sai bayan rasuwar Kaka na tambayi tsofaffin Zariya, ba wanda ya taɓa jin wannan tatsuniya. Na faɗa wa Baba, lokacin furfura ta cika masa kai. Ya yi murmushi.

"A gabanku ta ƙirƙiro ta, tana juya gyaɗa. Ta ga ina da 'ya'ya zaune, ba ta so ta yi mini faɗa a idonku. Sai ta aiko Bushiya."