Ranar Da Wattie Purves Ya Rasa Wanda Zai Tafa Wa

Shekara talatin da huɗu Wattie Purves ya yi yana raba wasiƙu a Berwick, daga bakin tsohuwar gada har gidajen da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya kawo masa wasiƙar wani ba. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da sanyin magana. Ni ce nake dafa shayi a zauren kulob ɗin unguwarmu, don haka na san shi tun gashinsa yana ja.

Mahaifinsa mutumin Kelso ne, ɗan Scotland gaba da baya. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Wooler ce, can ɓangaren Ingila. A kasuwar tumaki suka haɗu, suka zauna a Berwick da ke kan iyakar ƙasashen biyu, don ba wanda ya yarda ya bi wani garinsu. Tun Wattie yana ƙarami suka raba shi tsakaninsu ba faɗa. In ana wasan zari-ruga na uba ne, in ana wasan kurket na uwa ne. Ƙwallon ƙafa kuwa sai ya bi ƙungiyar garinmu, wadda take zaune a Ingila amma da 'yan Scotland take buga gasarta. Da ya tashi aure ya ɗauko Bronwen daga Wales. Ita ƙa'idarta guda ce, duk wanda ke karawa da Ingila nata ne.

Bai taɓa kula da tanis ba sai da ya yi ritaya. Wata ranar bazara yana zaune gaban talabijin ya lura cewa 'yan wasanmu, ko daga ina suka fito, tuta ɗaya ake sa musu kusa da suna, ta Birtaniya. Ya kira matarsa daga falo.

"Bronwen! Zo ki ga wasan da aka yi domina."

"Wane wasa kuma?"

"Wanda ba sai mutum ya zaɓa ba."

Ta leƙo, ta kalli allon, ta ce, "Za ka gani," ta koma kicin.

A gasar tanis ta Wimbledon ta wannan shekarar sai jadawali ya haɗa yaranmu biyu, Callum Rintoul ɗan Scotland da Toby Ashcombe ɗan Ingila. Muka jera kujeru a zaure, na cika butoci. Kafin ƙarfe biyu na rana wurin ya rabu da kansa, ba wanda ya ce a raba. Hagu Dod Turnbull ne da jama'arsa magoya bayan Scotland, tsohon makiyayi mai murya kamar ana jan ganga. Dama kuwa, ɓangaren Ingila, Cedric Bolam ne, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya tsufa. Su biyun abokan Wattie ne tun firamare.

Wattie ya shigo ɗauke da tutar Birtaniya sabuwa fil, ko alamar ninkin ba ta bar ta ba. Ya tsaya a tsakiya yana murmushi.

"Kai, dogo," in ji Dod, "wannan zanen teburin fa? Ubanka yana kwance a Kelso, za ka sa ya juya a kabarinsa."

"Rabu da ɗan Scotland mai ɗaura siket," in ji Cedric. "Zo nan, Wattie, ga kujera. Amma ka naɗe wannan abin, yau ja da fari na tutar Ingila kawai muke so."

"Ai duka namu ne," in ji Wattie. "Ku duba allon mana, tuta ɗaya ce."

Aka kwashe da dariya hagu da dama. Ya jawo kujera ya zauna a layin da nake bi da tire. Rintoul ya ci maki, ya tafa, mutanen Cedric suka harare shi. Ashcombe ya rama, ya sake tafawa, Dod ya ce, "Munafuki." Can sai na ga ya ɗaga hannuwa zai tafa ya tsaya, yana duban nan yana duban can, har aka ci gaba da wasa hannuwan suna sama. Daga baya ya zauna a kansu.

Rintoul ne ya yi nasara. Mutanen Dod suka yi ta waƙa, Cedric ya ce alƙalin wasa makaho ne, ya fita ko shayinsa bai shanye ba.

Bayan kwana biyu Rintoul zai kara da wani ɗan Sifaniya. Wattie ya zo da wuri, fuska a sake. Ya ce mini, "Yau dai ba rigima. Namu ɗaya ne ya rage."

Ai kuwa Cedric ya shigo da ƙaramar tutar Birtaniya a aljihun gaba, ya zauna yana cewa, "Yau yaronmu zai nuna musu."

Dod ya juyo a hankali. "Yaron wa?"

"Yaronmu na Birtaniya."

"Shekaranjiya me ka kira shi? Mai cin tumbin tunkiya. Yau da ya fara ci ya zama naku? Ku bar mana ɗanmu, ku je ku haifi naku."

"To ba kwa so a tafa masa?"

"Ba ma son tafinku!"

Wattie ya buɗe tutarsa, Dod ya ce ya rufe. Ya rufe, Cedric ya ce ya buɗe, ai yau ranarta ce. A bayansu kuma wasu daga cikin mutanen Cedric da haushin shekaranjiya bai sake su ba suna ta yi wa ɗan Sifaniya kirari. Sai ga muryar Bronwen a cikinsu. Wattie ya waiga baki buɗe.

"Ke kuma fa? Ai ba ɗan Ingila a filin."

"Tunda Cedric ya koma bayan yaron, ni na bar shi," in ji ta. "Kuma ɗan Sifaniyan yana da ladabi, dubi yadda yake gode wa masu miƙa tawul."

Awa uku da wani abu aka yi ana fafatawa. A ƙarshe Rintoul ya buga ƙwallo cikin raga, wasa ya ƙare. Cedric ya zare tutar daga aljihu ya cusa a wando, ya ce, "Haka 'yan Scotland suke. Sai an zo bakin ƙofa su faɗi."

A nan ne Wattie ya miƙe. Tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko da kare ya bi shi.

"Ku tsaya! Cedric, ɗazu ɗan Birtaniya ne, yanzu ɗan Scotland. Yaushe ya canja? A wane maki? Kai kuma Dod, da ya ci, da zan yi murna ko ba ni da izini? Ni tambayata ɗaya ce, don Allah a ba ni amsa. Yanzu ni an ci ni ne, ko ba a ci ni ba?"

Da gaske yake tambayar, idonsa har ya kawo ruwa. Dod ya sosa ƙeya, ya ce, "To, rabinka dai an ci."

"Wane rabin?"

"Na kirkin."

Cedric ya ce a'a, ai ɗaya rabin ma an riga an ci shi tun shekaranjiya. Suka kama musu a kan haka, suka manta da mai tambaya. Wattie ya tsaya ɗan lokaci yana kallonsu, sannan ya ɗauki hularsa ya fita. Bronwen ta bi shi tana cewa, "Tsaya mana, ba ka ci kek ɗinka ba."

Mako uku bai leƙo kulob ba. Bronwen ta gaya mini cewa har takardar haihuwarsa ya ciro ya zauna yana dubawa, bai sami komai a ciki ba sai sunan asibiti. Dod da Cedric suka je gidansa tare, suka ba shi haƙuri, suka kusa yin faɗa a ƙofar gida kan wanda zai fara magana.

Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya. Duk bazara yana zuwa, amma kujerarsa tana bakin ƙofar kicin, kusa da ni, yana taya ni goge kofuna. Ya fi son ranar da baƙi biyu ke karawa, 'yan ƙasashen da bai san inda suke ba. A irin wannan rana ne bara ya ajiye tsumma ya ce mini, "Ke da kika daɗe kina kallon abin nan, ana ƙirga maki sha biyar, talatin, sai kuma arba'in maimakon arba'in da biyar. Ina biyar ɗin ta tafi?"

Na ce ban sani ba. Ya tashi ya je ya tambayi Dod, Dod ya ce Ingilawa ne suka sace ta.