Mai Alli da Aksul ɗin Motar Likita

Mahaifina bakanike ne, amma ko a gida sunansa Mai Alli. Shekara arba'in yana gyaran motocin da ke shiga daji, kuma ban taɓa wanke rigarsa ban tarar da guntun alli a aljihu ba. Abin da ya fi suna a kai shi ne aksul, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi biyu, mai ƙullutu a tsakiya kamar tukunya. Motar da ke ja da ƙafa huɗu dole aksul ɗinta na gaba da na baya su zama juyinsu ɗaya, in ba haka ba tayoyin gaba su yi nasu gudun, na baya su yi nasu. Baba bai yarda da lambar da ke jikin ƙarfe ba. Sai ya shafa alli a gefen taya, ya shafa a bakin tukunyar, ya juya tayoyin sau ɗaya, ya ƙirga sau nawa bakin ya zagayo. A nan na koyi ƙirga, ina tsugune kusa da shi. Yanzu ni malamar lissafi ce, ni nake kawo masa allin.

Bara na fara lura da idonsa. Ya ajiye babur, wai gwiwa ke damunsa. Yana zuba shayi rabi a kofi rabi a tabarma. Sau uku ina karɓo masa katin asibitin ido, sau uku katin na ɓata. Na san abin da yake tsoro: ranar da aka ce bakanike ba ya gani, ranar ya gama aiki. Wani lokacin ya ba ni tausayi, amma yawanci haushi yake ba ni, don taurin kan Baba sai shi.

Ana cikin haka amininsa, likitan dabbobi, ya kawo motarsa, wata mota na janye da ita. Aksul ɗin baya ya karye karo na biyu, tunda ya ɗora mata tankin ruwa da firji da akwatunan magani, ga hanyar tabo da duwatsu. Suka yanke shawarar cire duka biyun a sa masu ƙarfi. Ranar Asabar ni na tuƙa su zuwa wajen mai tsofaffin kayan mota.

Likita na shiga idonsa ya faɗa kan aksul ɗin wata babbar mota.

"Tsoho, ga shi nan. Wannan ko giwa na ɗauko ba zai karye ba."

Baba ya shafa tukunyar da hannu biyu. "Ba zai karye ba kam, don ba za ka je ko'ina ba. Dubi cikinsa. Dutsen farko zai zauna a kai, tayoyinka suna lilo a sama, shanu suna kallonka."

Haka ya yi ta bi. Wani aksul ɗin faɗinsa ya yi yawa, wani birkinsa ya mutu. Ɗaya kuma ya kwance notinsa, ya shinshina man, ya ce ruwa ya taɓa shiga. Daga ƙarshe ya tsayar da biyu, na gaba daga wata mota, na baya daga wata. Ya zaro alli. Na sunkuya zan taya shi ƙirga.

"Uwata, nan ba aji ba ne," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Kafin a haife ki nake wannan."

Na yi zuciya na koma mota na zauna. Daga can na ji ya ce, "Huɗu da rabi, duka biyun. A ɗora."

Mako uku yana aikin. Ya yanke mazaunin sifirin, ya sa aka yi sabuwar walda, ya rage tsawon firofela, ƙarfen da ke kai juyin inji ga aksul, ya ja sabon layin birki. Aiki ne mai kyau, ko maƙiyi ya gani zai faɗa. Ranar gwaji na biyo daga makaranta. A cikin yashin bayan gareji motar ta wuce sumul. Da Likita ya hau busasshiyar hanya tana ja da ƙafa huɗu, sai ta fara turjewa, tayoyi na kuka, ƙarƙashinta na ƙara. Ya dawo da ita a hankali.

"Mai kayan nan ya cuce mu," in ji Likita. "Bari in je in same shi."

Baba ya sa jak, ya kwanta a ƙasa, ya shafa alli. Ya daɗe a can. Sai na ji muryarsa.

"Uwata, zo ki ƙirga."

Na tsuguna da kayan makarantata. Shi da Likita suka juya tayoyin gaba: huɗu da rabi. Muka koma baya, suka juya. Huɗu ne da ɗan kaɗan, ko kusa da rabi bai kai ba. Alamar allin tana nan fara sol, taku ɗaya daga fuskarsa. Na raɗa masa.

"Ɗaga murya, Likita bai ji ba."

Na ɗaga. Ban taɓa faɗin lamba da nauyin baki irin na ranar ba.

Ya fito ya zauna a kan tsohuwar taya, yana goge hannu. "Kada ka je wa mutumin nan da rigima. Abin da na nuna shi ya ba ni. Ni ne ban ga allin ba. Na ga fari-fari, na ce ya kai."

Likita ya buɗe baki zai yi tsokanar da suka saba, sai ya fasa. Ya ce motar za ta iya jira, shanun ma haka.

Muka kama hanyar gida. Ina ta zargin kaina, da ban yi fushi na koma mota ba da an kauce wa wannan. Baba ya laluba aljihu, na ɗauka alli zai ciro. Katin asibiti ne, na ukun, ya yi baƙi da man inji.

"Gobe mu koma mu zaɓo na bayan, ni in juya ke ki ƙirga," in ji shi. Ya miƙo min katin. "Wannan kuma karanta min ranar da suka rubuta. Wata biyu yana aljihuna, na kasa ganinta."